Sauran Sarki a Birnin Kwaranya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya umarci ruwa da gangara bai taɓa umartarsa da hawa ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, mai cin tuwo ya ajiye lomarsa, mai shan fura ya ture ƙwaryarsa gefe, domin labarin da zan bayar ba ya zama ciki ɗaya da abinci.

Ni ne Cindo ɗan Nomau, wanda aka haifa da yatsa shida a hannun dama, na shidan kuwa na tsokana ne. Na bar karatu ban sauke ba, ba don ya fi ƙarfina ba, sai don na lura malam ya fara maimaita kansa. Ranar da na ɗinke bakin rigarsa da buzun da yake zaune a kai, ya miƙe tarbar baƙi buzu yana binsa kamar jela, ranar na gane garinmu ya yi mini kaɗan. Na fita neman arziki da abin da duniya ta ɓoye wa masu zaman gida.

Na ratsa ƙasar Masu Turke Inuwa, inda mutum kan ɗaure inuwarsa a ƙofar gida kafin ya tafi kasuwa, don kada maƙwabci ya fake a cikinta. Na kwance ta wani gajere na musanya da ta wani dogo, na bar su a gaban alƙali. Daga nan na faɗa Kurmin Ƙaura, inda itatuwa ke tuge saiwarsu su bi hadari duk inda ya nufa. Na haye wata tsohuwar kuka, ta yi ta keta rairayi da ni, ina shan 'ya'yanta ina kwana a kogonta, har ranar da ta farga ba tsuntsu ne a kanta ba, ta girgiza ta yar da ni. Na tashi na kakkaɓe, maƙogwarona ya bushe kamar tsohon ƙirgi. Ina ɗaga kai sai na hangi birni.

Birnin a jikin dutse yake, ya naɗe shi daga ƙoli har gindi kamar rawani. A can ƙolin akwai fuska irin ta mutum, ba hannun masassaƙi a jikinta, ido ɗaya a rufe, ɗaya yana zubar da hawaye. Hawayen nan su ne ruwan garin kaf. Ba rijiya, ba tafki, ba kogi. Magudana guda aka gina musu da dutse, tana kewaya birnin tana sauka unguwa bayan unguwa, tun daga Unguwar Kai har ta ƙare a Unguwar Wutsiya. Sunan garin Kwaranya.

Ta ƙofar sama na shiga. Na tarar da dattawa uku zaune a inuwa, kowa da rawaninsa kowa da tumbinsa, sun zuba wa hanya ido kamar masu jiran saƙo. Na yi sallama, na ce a taimaki baƙo da ruwa. Ban rufe baki ba kalangu ya ɓarke a bayana, mata suka rangaɗa guɗa, wani sanƙira ya faɗo daga lungu yana kirari wai ruwa ya sami ubangida.

Babban cikinsu, Sarkin Fawa Bagudu, mai wuya kamar na bajimi, ya durƙusa ya ce al'adar Kwaranya ce, idan gadon Sarkin Ruwa ba kowa a kai, baƙon da ya fara roƙon ruwa shi ne sarki. Sauran biyun, Sarkin Jima da Sarkin Karofi, suka ce haka abin yake. Da wani ne da sai ya tambayi me ya sami sarkin jiya. Ni kuwa na gyara tsayuwa na ce musu ba su yi kuskure ba, ni ɗan sarki ne jikan sarki, ubana yana da rijiyoyin da shi kansa bai san iyakarsu ba, daman ina mamakin yadda sauran garuruwa suka kasa gane ni.

Bagudu ya dubi 'yan'uwansa ya ce, "Ai da gani babu tambaya, ranka ya daɗe."

Aka kawo mini ruwan Kai na sha, sanyi kamar ƙanƙara, daɗi kamar an jiƙa dabino. Aka zura mini babbar riga, aka naɗa ni, aka jera akusa. A nan na ga al'adarsu ta farko. Duk abin da na ci na rage, ƙashi ne ko guntun tuwo, sai sanƙira ya ɗaga akushin ya ce sauran sarki albarka, jama'a su amsa, ni kuma in kira sunan wanda zan ba. Don in gwada su, na tauna wata jijiya na mayar cikin akushi na kira Sarkin Jima. Ya karɓa hannu biyu ya haɗiye yana godiya. Na tambayi Bagudu, to idan mutum ya ƙi fa? Ya ce ba a taɓa yi ba. Mai rawanin da ya ƙi sauran sarki a bainar jama'a, nan take zai warware rawaninsa ya miƙa wa na bayansa, haka kakanni suka bari. Na ce a raina, Cindo, yau ka iso gida.

Da la'asar aka ce za a kai ni fada. Na zaci sama za mu yi, sai na ga an ɗauki karagata an nufi gangare, ana bin bakin magudana. Muka wuce mahautar Bagudu, ruwan nan garai-garai ya koma jaja-jaja, ana juye masa kayan tumbi da wankin hanji. Muka iso majema, suka ƙara masa gashin akuya da kashin tattabara da ruɓaɓɓiyar bagaruwa. A karofi marina suka sako masa dagwalon baban rini da toka. Daga nan sai unguwannin talakawa, kowane gida ya fasa kwatarsa ta faɗa ciki. Wata mata ta fito da kaskon kashin ɗanta ta juye a gabanmu, ta ɗauraye shi a wurin, ta ɗago ta yi mini guɗa. Kafin mu kai Wutsiya, abin da ke cikin magudanar nan ya daina kwaranya sai jan ciki, baƙi ƙirin, kumfa a samansa, ƙudaje sun yi masa rumfa. Na toshe hanci da jelar rawani, ashe rawanin ma da nasa hamamin.

Fadar ɗaki ɗaya ce da zaure, daidai inda magudana ta ƙare ta zube a wani rami. Maƙeri yana zaune yana jira. Kafin in gyara zama ya buga mini marin ƙarfe a ƙafar hagu, da sarƙa da aka dasa a bango. Bagudu ya ce munduwar sarauta ce, kada in damu. Tsawonta daga gado zuwa bakin ruwa. Ba a cire ta sai sarki ya mutu ko an tuɓe shi, ba a kuwa taɓa tuɓe kowa ba, don ba wanda ya daɗe har a gaji da shi. Wannan ta ƙarshen ba shi ya faɗa mini ba, Iya Tabawa ce, tsohuwar da ke dafa wa sarki abinci.

Bayan jama'a sun watse ta matso tana gyara mini riga, sai na ji tana bin bayana da taƙi, daga kafaɗa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa diddige.

Na ce, "Iya, me kike aunawa?"

Ta ce, "Likkafani, ɗan nan. Dogo ne kai, za ka ci mini yadi."

Ta buɗe tagar baya ta nuna mini kaburbura a jere kamar kunyoyin dankali, na ƙarshe ko bushewa bai yi ba. Ta ce idon dutse ba ya zubar da hawaye sai idan duk ranar kasuwa Sarkin Ruwa ya sha ruwan Wutsiya a gaban jama'a. Idan aka tsallake, ido ya ƙafe, gari ya mutu. A zamanin kakanni mai raba ruwa shi ke shan na ƙarshe, saboda haka ko kara ya faɗa magudana sai an nemo mai shi. Da manyan gari suka ga yanka da jima da rini sun fi sauƙi a bakin ruwa, sai suka lura dutse ba ya tambayar ɗan wane ne ya sha. Tun daga lokacin suke zaman ƙofar gari jiran baƙo. Sauran ranaku ruwan Kai ake kawo wa sarki a tulu don ya ɗan yi ƙarko, amma duk ƙarkonsa ba ya ganin damina biyu. Rigar da ke jikina kuwa ta ga sarakuna da yawa. Ita ke cire ta daga gawa ta shanya. Na ce ba a wankewa? Ta ce da wane ruwan?

Ranar kasuwa gari ya sauko Wutsiya, kowa da tsumma a hanci, har da masu tallan ƙosai. Bagudu ya fito da wani ɗan ludayi baƙi, ya ture kumfa gefe, ya ɗebo. Na leƙa ciki na ga wani abu fari yana motsi. Ya kafa mini ludayin a baki da hannunsa, ya tuntsura shi har ɗigon ƙarshe, sa'an nan ya kife shi ya nuna wa jama'a. Na sha ruwan kududdufi a tafiye-tafiyena, na sha wanda raƙumi ya yi fitsari a ciki, amma wannan daban ne. Ƙarni ne ya fara isowa, zarni ya biyo shi, ɗacin baba ya rufe, daga baya wani gashi ya maƙale mini a haƙori. Aka yi guɗa. A can ƙoli dutse ya ci gaba da kukansa, ni ma na kama nawa a bayan ɗaki, ta sama da ta ƙasa, har na kasa ɗaga marin ƙafata.

Da na farfaɗo na ce to ai ni ne sarki. Na kira manyan nan uku na ba da umarni a tashi mahauta da majema da karofi daga bakin magudana. Suka faɗi suka yi gaisuwa, suka ce an ji, za a duba. Aka yi ta dubawa. Da na matsa, Bagudu ya ce shi jini kawai yake zubawa, jini kuwa kowa na da shi a jiki. Sarkin Jima ya ce ruwa ya riga ya ɓaci kafin ya iso gare shi. Sarkin Karofi ya ce baba ai magani ne, kamata ya yi a gode masa. Na gane sarautata ta sha ce, ba ta magana ba.

Na juya wajen talakawan Wutsiya, na ce ko su za su ji. 'Ya'yansu na yawo da ciki kamar tulu, ƙafafu kamar kara. Mai hali a cikinsu ya sayi ruwan Kai wajen 'yan garuwan Bagudu, marar hali ya tace na magudana da gefen zane ya sha. Na tara su na ce ko su kaɗai su daina zuba ƙazanta. Wani ya ce ai da dattinsa ya zo, nasu me zai ƙara? Wata ta ce in fara da na sama. Wani tsoho ya tsuguna a bakin magudanar yana abin da ya kawo shi, yana sauraron wa'azina yana gyaɗa kai. Da na ƙare suka yi mini addu'ar tsawon rai, wani kuma ya tsaya yana tambayar Iya Tabawa ko an yi wa takalmana alkawari. Ban san wanda ya fi ba ni ƙyama ba, masu ɓata ruwan ko masu shansa suna zuwa kallon wanda zai mutu a madadinsu.

Kasuwa ta sake zagayowa, na sake sha, na sake kwanciya. Ina kwance ina kallon rufi, idona ya faɗa, haƙarƙarina ya fito, sai hannun Bagudu ya riƙa dawo mini a rai, yadda yake tuntsura ludayin nan har ɗigon ƙarshe ya kife shi. Mutanen da ke kokawa a kan ƙashin da na tsotse, me ya sa a nan kaɗai ba a barin komai? Wanda ya fara kawo ɗan ludayin nan cikin kakanninsu ya san abin da yake gudu. Abin da ban sani ba shi ne ko jikokinsa sun sani. Na yi dariya har cikina ya murɗa, Iya Tabawa ta leƙo da yadinta ta zaci lokaci ya yi.

Daga ranar na zame musu ƙaya. Al'ada ta ce idan sarki ya kira dole a amsa, sai na riƙa aika musu safe da rana da yamma su sauko Wutsiya su ji mafarkina. Su zauna cikin ɗoyi da ƙudaje, ni kuwa in yi ta jan labari, yadda na ga kaina ina sa wa kada linzami, yadda rijiyar ubana ta bakwai ke ba da nono ranar Juma'a. Idan na ga sun fara miƙewa sai in ce na tuno wani. Sauran abinci kuwa ban ƙara ba su marar kyau ba, cinyar kaza nake rage musu da tsokar rago, don kada su tsargu da al'adar sauran sarki. Ba a daɗe ba na ji Sarkin Jima yana tambayar Iya Tabawa a zaure, wai wannan yaushe zai tafi ne.

Ranar kasuwa ta gaba, Bagudu ya fito da ludayinsa. Na kawar da kai, na ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji. Na ce a garin ubana da irin wannan ake yaye jarirai. Na ce raini ne a shayar da ɗan sarki jikan sarki da abin da bai kai kurɓar kaza ba, ni da na taɓa shanye tafki don in ɗauko zobena. Idan Kwaranya tana da masaki a kawo, idan babu a faɗa mini in san garin matsiyata na zo.

Taro ya ɗauki sowa, ana a ba shi, a ba shi. Sarkin Karofi ya raɗa wa Bagudu cewa ludayi fa suka gada. Bagudu ya tambaye shi ko ya san dalili, ya ce bai sani ba, haka dai ya taras. Bagudu ya ce to lokacin fatake ya kusa, baƙi ba za su yi wuya ba, a bar mai mafarki ya sha ya huta su ma su huta. Aka kawo masakin da ake dama furar biki. Mutum biyu suka cika shi, ba wanda ya ture kumfa, suka dire a gabana.

Na yi bisimilla, na sunkuya na yi kurɓa ɗaya, na haɗiye a gaban kowa don dutse ya shaida. Na goge baki da hannun riga. Na dubi sanƙira. Shi kuwa bakinsa ya riga hankalinsa, ya ga sarki ya ci ya rage, sai ya ɗaga murya ya ce sauran sarki albarka. Jama'a suka amsa kafin su san me suka amsa.

Na ce, "Sarkin Fawa, bisimilla. Ka rage wa 'yan'uwanka."

Bagudu ya dubi masaki, ya dube ni. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ba abinci ba ne."

Na ce, "Ni da na sha, me na sha?"

Ya waiwaya neman mai taimako, sai ya ga ƙanensa tsaye daf da bayansa, ya riga ya cire hula yana shafa kai, idonsa a kan rawanin. Bagudu ya durƙusa. Ya kama masakin hannu biyu, ya rufe ido ya kafa kai. Ina jin saukar abin a maƙogwaronsa. Da ya ɗago, wani zaren hanji na lilo a gemunsa, na ce masa ya duba da kyau ko na ragon jiya ne, kayansa ne suka dawo gida. Sarkin Jima ya sha nasa ya amayar da shi cikin hannun rigarsa, na ce ba a zubar da albarka, ya ƙara. Sarkin Karofi ya tashi da haƙora shuɗaye, na tuna masa baba magani ne. Talakawan da suka zo kallon mutuwata suka yi ta birgima don dariya, har da tsohon nan mai tsuguno.

Washegari suka zo, kowa riƙe da ciki, suka ce a koma ludayi. Na ce ni ba ruwana, a tambayi jama'a. Jama'a kuwa sun sami abin kallon da ya fi na da, suka ce abin da aka yi sau ɗaya a gaban dutse ya zama al'ada. Iya Tabawa ta ce mini an zo mata da wani ƙullin guba a zuba mini a miya, ta tambaye su wa zai ci saura, suka karɓi ƙullinsu suka tafi.

Masaki bai zagayo sau da yawa ba na ji ana rushe-rushe a sama. Abin da aka yi ta dubawa ba a gani ba, sai ga shi an gani cikin kwana kaɗan. Bagudu ya mayar da mahautarsa bayan ganuwa, ya haƙa rami don jini. Majema da marina suka bi shi. Aka toshe kwatar kowane gida, aka zuba dogarai a bakin magudana da bulala, wanda ya tofa yawu a ciki sai ya kwana a ɗaure. Da idona na ga Sarkin Jima ya tattare riga ya shiga ruwa yana tsamo mushen ɓera, yana zagin uwar wanda ya jefa. Ruwan ya tashi daga baƙi ya koma toka-toka, daga nan ya koma kamar tsinkakken kunu, rannan na leƙa na ga fuskata a ciki, har da wani ɗan kifi ya gifta ta kan hancina. Cikin yaran Wutsiya ya saɓe. 'Yan garuwa suka rasa mai saye. Mata suka dasa albasa a bakin ramin da a da ko ungulu ba ta sauka.

Sai sarauta ta yi daɗi. Albasar fari tawa ce, kifin fari nawa ne, masu rigima a kan rabon ruwan lambu a gabana suke durƙusawa, abin da na yanke kuma ya zauna, don kowa ya san bakina ne a ƙarshen magudana. Na yi ƙiba har marin ya fara cin ƙafata. Amma mari mari ne ko da na zinariya ne, ni kuwa ba a haife ni don in mutu a tsawon sarƙa ba.

Bagudu yana da ɗa, Tsalha, saurayi mai son a gan shi, kullum yana zaurena yana kallon kayan gaisuwa yana haɗiyar yawu. Na riƙa ba shi labarin daɗin sarauta ina ƙarawa da gishiri. Rannan na yi kamar baki ya suɓuce mini, na ce wa zai ce ɗan mai jakai, wanda ko karatu bai sauke ba, zai taka wannan matsayi. Na kama baki, na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Kafin la'asar zancen ya kai ƙolin dutse.

Ranar kasuwa manya suka zo da fuska a murtuke. Bagudu ya tsaya ya ce sun bincika al'ada, sun gano baƙo ba ya sarautar ruwa, bare ɗan mai jakai. Ya ce ruwan Kwaranya na 'yan Kwaranya ne. Sarkin Karofi ya tashi ya jero asalin Tsalha har zuwa ga wanda ya fara aza dutsen magudana, asalin da ba wanda ya tuna da shi lokacin da tsutsa ke iyo a ludayi. Na dubi talakawan Wutsiya, waɗanda jiya suke sa wa 'ya'yansu sunana. Matar nan mai kasko ita ta fara cewa a kore shi, daman ita tun ranar farko ba ta yarda da idonsa ba. Saura suka ɗauka. Na yi kukan ƙarya, na faɗi ina roƙo, na rirriƙe sarƙa, don kada su ga haƙorana.

Maƙeri ya sa kurfi ya datse marin. Bai bari ya huce ba ya buga shi a ƙafar Tsalha, yaro yana washe baki, ubansa yana karɓar barka. Sai da aka cika masaki aka dire a gaban sabon sarki na ga Bagudu ya daina dariya. Ya dubi ƙafar ɗansa, ya ɗaga kai ya bi magudana da kallo har sama, unguwa bayan unguwa, ya kira shugaban dogarai ya ce a ƙara masu tsaron ruwa.

Iya Tabawa ta tuɓe mini riga a zaure tana mita. Ta ce tun da take ba ta taɓa cire ta daga jikin mai numfashi ba, ga yadi ta yanka dogo, Tsalha kuwa gajere ne, kuma da alama zai daɗe.

Na ce, "Iya, ki ajiye, ko kya yi zanen gado."

Ta ce, "Tafi can, ɗan banza mai yatsa shida." Ta cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu, ta tura ni waje.

Na hau gangaren nan ni kaɗai, yara na bina da jifa har Unguwar Kai. Na fita ƙofa, na zaga ta bayan ganuwa na haura ƙoli, wurin da hawayen ke fitowa daga idon dutse kafin su shiga gari. Ba dogari, ba kowa. Na sha na ƙoshi, na cika gorata. Sai marata ta motsa, yatsana na shida ya fara ƙaiƙayi. Na hango birnin gaba ɗaya a ƙarƙashina, da manyansa da talakawansa, na tuna jifa, na tuna guɗa, na ce Cindo, ga sallamar da ta dace da mutanen nan. Na tsaya a bakin magudana na kwance mazagi.

Sai na ji gashin nan a haƙorina, kamar yanzu na sha.

Na tofar da yawu gefe, a kan ƙasa. Na ɗaure wandona, na gangara ta bayan dutse ina matse ƙafafu ina zagin mutanen Kwaranya ɗaya bayan ɗaya, na yi tafiya mai nisa cikin rairayi kafin na sami wurin da ba ya gangarawa kan kowa.

Iyakar abin da ya auku ke nan tsakanina da Birnin Kwaranya. Wanda ya ce ƙarya nake, ga tabon mari a ƙafata, ya zo ya shafa. Mai tuwo ya koma ga tuwonsa, idan zai iya.